Takardar Neman Aikin Jinya

A karanta Romawa 16:1, 2.

Sa'ad da Manzo Bulus ya rubuta wa masu bi na Roma, ya gabatar musu da wata mace, sunanta Fibi. Cikin aya biyu kaɗai ya faɗi ekklesiyar da take yi wa hidima a Kankiriya, da taimakon da ta yi wa mutane da yawa har da shi kansa, kana ya roƙa a karɓe ta. Bai ƙara gishiri ba. Muna so 'ya'yanmu da suka gama makarantar jinya su lura da wannan, gama kowace shekara sukan kawo mana takardunsu na neman aiki mu duba.

Takardun nan iri biyu ne. Ta fari ita ce ta tarihin mutum, wadda 'yan boko ke kira si-bi. A ciki sai ki sa sunanki, da inda za a same ki, da makarantun da kika yi da shekarunsu, da lambar rajistarki. A Nijeriya tun 1979 hukuma ɗaya ce ke yi wa nas-nas da ungozoma rajista. Ki duba ko lasisinki bai mutu ba. Sa'an nan ki jera wuraren da kika yi aiki, na bayan nan a sama. Shafi biyu sun isa.

Ta biyu wasiƙa ce, shafi ɗaya. Ki faɗi aikin da kike nema, da dalilin da ya sa kika zaɓi asibitin nan. Wasiƙar da za ta tafi Vom kada ta zama ita ce za ta tafi Galmi da an sāke suna kawai. Masu karantawa suna ganewa.

Amma ga abin da ya fi damunmu. Wata 'yarmu ta kawo takardarta, mun ga ta rubuta shekara guda a ɗakin tiyata. Da muka tambaya, ashe mako shida ne, yawancinsa kuwa kallo. Ta ce, "Baba, kowa haka yake yi." Muka ce mata, idan mai neman aikin akawu ya yi ƙarya, kuɗi ne za su ɓata. Ke fa? Babbar nas za ta gaskata takardarki, ta bar ki ke kaɗai da dare. A kawo jariri mai zawo, jijiya ta ɓuya, ke kuwa kin rubuta kin iya sa ƙarin ruwa. A sa'an nan takarda ba za ta riƙe miki allura ba.

Akwai kuma masu kunya, waɗanda ba su faɗin ko abin da suka iya. Wannan ba tawali'u ba ne. In kin karɓi haihuwa da hannunki, ki faɗa, ki faɗi sau nawa. In kina jin Fulatanci ko Barbarci, ki rubuta, gama majiyyaci yakan sake jiki da mai jin harshensa.

Game da masu shaida, ki nemi izininsu tukuna, ɗaya kuwa ya zama wanda ya ga aikinki a asibiti. Mu fastoci halinki muka sani, shi kaɗai za mu sa wa hannu.