Ciwon Ƙaba da Aikin Ƙananan Ƙofofi

Mene ne ƙaba?

Naman jikin ciki kamar buhu ne da ke riƙe da hanji. Idan wani wuri ya yi rauni, sai hanji ya turo ta nan, a ga kumburi a gefen mara ko a cibiya. Wani lokaci yakan sauka har cikin maraina. Yana fitowa in mutum ya yi tari ko ya ɗaga kaya, ya koma in ya kwanta. Ya fi kama maza: kusan namiji 1 cikin 4 yakan same shi a rayuwarsa. Mata da yara ma suna yi.

Ƙaba ba sammu ba ce, ba abin kunya ba ce. Jiƙo ba ya rufe ƙofar, ɗaure ciki da ƙyalle ma haka. Ga babban mutum, maganinta aiki ne kawai.

Hanyoyin aiki guda 2

Hanya ta farko, likita yana yanka wuri ɗaya a kan kumburin, ya mai da hanji ciki, ya ɗinke ƙofar ko ya sa mata raga. Ana iya yi da allurar baya, mutum yana farke.

Hanya ta biyu ita ce ta ƙananan ƙofofi. An fara ta wajen shekarar 1990. Ana sa majiyyaci barci sosai. Likita yana huda ciki wuri 3, kowanne bai wuce faɗin yatsa ba. Yana hura iska domin ya sami fili, ya zura siririn bututu mai kyamara da fitila, yana kallon cikin a allo. Sai ya shimfiɗa raga ta ciki, kamar yadda ake yi wa buhu faci. Ragar tana zama a jiki, nama ya kama ta.

Zafi bayan wannan aiki bai cika yawa ba, tabon ƙarami ne, kuma mutum yakan koma ƙaramin aiki cikin mako 1 zuwa 2. Ya fi dacewa da mai ƙaba gefe biyu, da wanda tasa ta dawo bayan an taɓa yanka shi. Wasu sukan ji ciwon kafaɗa kwana 1 ko 2 saboda iskar, yana wucewa.

Amma aikin ya fi tsada, yana bukatar na'ura da wutar lantarki da likitan da ya koye shi, shi ya sa sai a manyan asibitocin birni. Kada ku zauna jiran sa. Hanya ta farko ma tana warkarwa sarai.

Alamun haɗari

Hanji yana iya maƙalewa a ƙofar, jini ya daina kai masa. Cikin awa 6 yana iya fara ruɓewa. Ku kawo mutum asibiti nan da nan, ko da tsakar dare ne, idan:

1. Kumburin ya yi tauri, ya ƙi komawa.
2. Yana ciwo mai tsanani.
3. Ga amai, ciki ya kumbura.
4. Ba bayan gida, ba tusa.

Kada ku danna da ƙarfi. Kada ku ba shi abinci ko ruwa a hanya.

Bayan aiki

Ku tashi ku taka kaɗan tun ranar farko. Ku sha ruwa, ku ci ganye domin ciki kada ya bushe. Noma, faskare da ɗaukar buhu sai bayan mako 4 zuwa 6, yadda likita ya faɗa. Saboda haka manomi ya zo da rani, kafin shuka. In wurin ya yi ja, ko yana ruwa, ko zazzaɓi ya zo, ku dawo.

Tambayoyi

1. Me ya sa jiƙo ba ya warkar da ƙaba?
2. Waɗanne alamu 4 ne ba a kwana da su a gida?
3. Wa kuka sani mai ɓoye wannan ciwo? Me za ku faɗa masa?