Kwamfutar taka ce, amma Windows ɗin da ke ciki fa?

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a shagunan buga takardu da na gyaran kwamfuta tsakanin Gadaka da Potiskum, kuma ta ishe ni. Wai tunda mutum ya sayi kwamfuta da kuɗinsa, duk abin da ke cikinta nasa ne, yana iya kwafa ya zuba wa wasu goma, babu ruwan kowa. Wasu kuma sun ɗauka kwamfutar da aka harhaɗa a kasuwa ce ta saɓa doka, mai tambarin kamfani kuwa ba ta da matsala. Duka biyun kuskure ne.

Harhaɗa kwamfuta ba laifi ba ne. Tun a 1982 kamfanin Compaq ya ƙera na'urar da ke aiki irin ta IBM ba tare da kwafar rubutun manhajar IBM ba, kuma ya yi kasuwancinsa lafiya. Wanda ya sha kashi shi ne kamfanin Franklin, da ya kwashi manhajar Apple ya zuba a tasa na'urar; a 1983 kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ce manhaja ma tana da haƙƙin mallaka.

Masu cewa "ai saya na yi" su saurari labarin Psystar. Ƙaramin kamfani ne a Miami wanda a 2008 ya fara sayar da kwamfutocin da ya harhaɗa ɗauke da manhajar Mac OS X. Apple ya maka shi a kotu a wannan shekarar. Hujjar Psystar ita ce dai wadda nake ji a nan: mun sayi fayafayan na asali, mun biya. A Nuwamban 2009 alƙali William Alsup ya yi watsi da ita, daga baya aka hana kamfanin sayar da na'urorin, kamfanin ya amince da biyan diyyar kusan dala miliyan 2.7, ɗaukaka ƙarar da ya yi ma ta faɗi a 2011. Dalili kuwa, abin da ka biya izinin amfani ne bisa sharuɗɗa, kamar ɗan haya da ke zaune a gida amma ba shi da ikon sayar da ɗaki. A Najeriya ma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta kare manhajar kwamfuta, akwai kuma hukumar da ke da ikon kama masu satar fasaha.

Na san amsar da za a ba ni: yaushe Microsoft zai san hanyar Gadaka? Ni ba zuwansa nake tsoro ba. Abin da ke damuna shi ne ɗan kirak ɗin nan, mai kunna Windows ba tare da lasisi ba, da mai gyara ke zuba maka bayan ya yi fomatin. Kafin ya sa shi, sai ya kashe manhajar kariya daga bairos, domin ita kanta tana ganinsa a matsayin haɗari. To, malam, wa ya rubuta shi? Me ya ɓoye a ciki? Kai ba ka sani ba, mai gyaran ma bai sani ba, daga intanet ya sauko da shi. A wannan kwamfutar kake shigar da lambar NIN da BVN na jama'a, kana cike wa yara fom ɗin JAMB, kana buɗe asusun bankinka. Amanar mutane ce a hannunka, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a da ta ɗora alhaki a kan mai riƙe da su. Ina faɗa: duk shagon da ke taɓa bayanan mutane, kada kirak ya kusanci kwamfutarsa. Ga shi kuma Microsoft ya daina tura wa Windows 10 gyaran tsaro na kyauta tun 14 ga Oktoban 2025, yawancin na'urorinmu kuwa a kansa suke.

Talauci ne ya jawo amfani da kirak, da rashin sani. Ba sai na tsaya dogon bayani ba.

Idan za ka sayi kwamfuta ta hannu, duba ko lasisinta na asali yana nan. Yawancin na'urorin HP da Dell da Lenovo da suka zo da Windows 8 zuwa sama, mabuɗin lasisinsu yana cikin na'urar. A sa irin Windows ɗin da ta zo da shi, a jona intanet, zai kunna kansa. Abin takaici, masu gyara da yawa suna ɗora kirak a kan kwamfutar da ke da halattaccen lasisi, saboda gaggawa kawai. Irin wannan lasisin na wannan na'urar ne kaɗai, ba a ɗaukarsa zuwa wata. Mabuɗin da ake tallatawa da ɗan kuɗin kati kuma, ka guje shi. In babu halin saye, Ubuntu da LibreOffice kyauta ne bisa doka, kuma sun isa buga takarda da lissafi da shiga intanet.

Makarantu da ofisoshin gwamnati su ne ba ni da uzurin da zan yi musu. Ana ware kuɗi, ɗan kwangila ya kawo kwamfuta ashirin da Windows na sata, a sa hannu a karɓa ba wanda ya duba. Shugaban makaranta ko akanta ya sa a rubuta a takardar kwangila cewa kowace na'ura ta zo da shaidar lasisinta, kuma a kunna su ɗaya bayan ɗaya a gaban wanda ya san aikin kafin a biya ko sisi.