Giwayen Yankari

Dajin Yankari yana ƙasar Bauchi. A shekarar 1956 hukuma ta keɓe shi, ta hana farauta a ciki. A 1962 aka buɗe shi ga baƙi. Baƙi sukan biya kuɗin shiga, su ga giwa da ɓauna da dorina, su yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki. Mutanen ƙauyukan kewaye sukan sami aikin gadi da ja-gora da dafa abinci.

Gaskiya ne giwa takan ɓata gona. In ta shiga tamu, mu sanar da ma'aikatan daji, kada mu ɗauki bindiga. Mai kashe giwa sau ɗaya zai ci kuɗin haurenta. Giwa mai rai kuwa kowace shekara tana jawo mana baƙi.