Zanen Barkwanci a Matsayin Makamin Siyasa: Dangantakarsa da Zambo da Habaici

Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun daɗe suna feɗe waƙa da zube da wasan kwaikwayo, amma ba kasafai suke waiwayar zanen barkwanci da ake bugawa a jaridu ba. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa ko da yake zanen baƙo ne ta wajen siga, aikin da yake yi tsoho ne a ƙasar Hausa, watau aikin zambo da habaici. Abin da ake nufi da zanen barkwanci shi ne hoton da aka zana da hannu don a yi sharhi a kan wani al'amari cikin raha. Idan hotunan suka jeru suna ba da labari, tare da maganganun taurarin cikin da'ira, shi ne labarin zane.

Taƙaitaccen Tarihi

A ƙasar Faransa, Honoré Daumier ya zana Sarki Louis-Philippe a matsayin ƙaton da ke haɗiye dukiyar talakawa, abin da ya jawo masa ɗaurin wata shida a 1832. A ƙasashen Larabawa kuwa, Naji al-Ali, Bafalasɗine, ya ƙago wani yaro mai suna Hanzala a 1969, ɗan shekara goma, ba takalmi, ya juya wa mai kallo baya. An harbe mai zanen a London a 1987, amma yaron bai gushe ba yana wakiltar jama'arsa.

A Nijeriya, Akinola Lasekan ake ɗauka uban wannan fasaha. Tun daga shekarun 1940 yake zane a jaridar West African Pilot, wadda Nnamdi Azikiwe ya kafa a 1937, yana sukar mulkin mallaka. A zamanin mulkin soja, musamman bayan Doka ta 4 ta 1984, wadda aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor a ƙarƙashinta, zane ya ƙara daraja, domin yana iya faɗin abin da alƙalami ke jin tsoro. A Arewa, Mustapha Bulama na jaridar Daily Trust ya yi fice. A 2020 ya zana uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, Aisha Buhari, tana nuna wa talakawa masu fama da ƙunci hotunan bikin 'yarta.

Dabarun Mai Zane

Dabara ta farko ita ce kambamawa. Mai zane yakan ɗauki wata kama ta mutum, ko hula ce, ko tumbi, ko giɓi, ya ƙara mata gishiri har kowa ya shaida shi ba tare da an ambaci suna ba. Haka makaɗin fada yake yi idan zai yi wa ɗan sarki mai jiran gado zambo: ya siffanta tafiyarsa ko rawaninsa, 'yan fada su yi dariya, ba wanda zai ce an kama suna.

Ta biyu ita ce alamtarwa, watau a sa wani abu ya tsaya a madadin wani. Babbar riga takan wakilci ɗan siyasa, takalmin soja ya wakilci mulkin danniya, saniyar tatsa ta wakilci baitulmali. Bahaushe ya saba da wannan tun a tatsuniya, inda kura take nufin haɗama, gizo kuma wayo.

Ta uku ita ce jera abubuwa biyu masu karo da juna. Alal misali, a ƙaddara mai zane ya tsaya a bakin hanyar Kalambaina, inda masana'antar siminti ta fara aiki tun 1967. Sai ya zana manyan motoci sun yi jerin gwano ɗauke da buhuna, a gefe kuma ga wani dattijo yana yaɓe katangarsa da laka bayan ruwan sama ya zubar da ita. Ko kalma ɗaya ba a bukata. Mai kallo da kansa zai haɗa hotunan biyu ya yanke hukunci, kuma hukuncin da mutum ya yanke da kansa ya fi zama a zuciya. Wannan shi ne sirrin habaici: mai shi ya san kayansa, mai yi kuma yana da ƙofar fita.

Inda Suka Bambanta

Duk da wannan kusanci, akwai bambanci. Makaɗin fada yana zambo ne don ya ɗaukaka ubangidansa, saboda haka kibiyarsa ba ta nufar sarki mai ci. Mai zane kuwa, a ƙa'ida, mai mulki yake hari. Ta nan ya fi kama da mawaƙan jam'iyyar NEPU na shekarun 1950, waɗanda suka fuskanci masu iko kai tsaye, da kuma wawan sarki, wanda aka yarje masa ya faɗi gaskiya cikin wasa. Sai dai shi ma mai zane ba ya rasa ubangida. Lasekan bai tsaya ga Turawa ba, ya yi ta sukar abokan hamayyar jam'iyyar NCNC, domin jaridar ta shugabanta ce. Don haka wajibi ne mai nazari ya tambayi ko wane ne mai jaridar kafin ya kira zane muryar talaka.

Labarin Zane da Tarihi

A 1957 an buga wani ɗan littafin zane a Amurka a kan Martin Luther King da ƙauracewa motocin haya da baƙaƙen fata suka yi a Montgomery, kuma matasa sun yi amfani da shi wajen koyon gwagwarmaya ba da makami ba. Ƙasar Sakkwato tana da irin waɗannan labarai: yaƙin Giginya na Maris 1903, da hijirar Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya wadda ta ƙare a Burmi a watan Yuli na shekarar, da boren Satiru na 1906. Yaron da ba zai iya karanta kundin digiri ba yana iya bin waɗannan a hoto, muddin an kiyaye martabar mutanen da ake zanawa, aka kuma yi la'akari da ra'ayin malamai game da sura.

Kammalawa

A taƙaice, zanen barkwanci zambo ne da habaici da aka mayar hoto, kuma ma'aunin da ake auna waƙa da shi, watau jigo da salo, zai iya auna shi. Abin damuwa shi ne takardar jarida ba ta da ƙarko: gara da ƙura da masu ƙosai suna cinye ta. Ya kamata ɗaliban sashen Hausa su shiga ɗakunan ajiya, su bi tsofaffin kofe na Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, da na Aminiya, su tattara abin da aka zana, su rubuta ranarsa da abin da ya faru a makon, domin zanen da aka raba da lokacinsa dariyarsa takan mutu.