Ƙwaron Albasa: Jan Hankali ga Manoman Lambu na Malanbil

Jama'a manoma, duk wanda ya san Malanbil ya san shinkafa da albasa ne ke riƙe da gidaje a bakin Kwara, tun daga Madekali da Garu har Karimama. Albasarmu tana cika kasuwar garin, manyan motoci su kwasa zuwa Faraku da Kwatano. To, akwai wani ɗan ƙwaro da ke raba mu da ribar wannan wahala kowace shekara, yawancinmu kuwa ba mu taɓa tsayawa mun gan shi da ido ba. Malaman gona suna kiransa tirifs. Tsawonsa kimanin milimita 1 ne, wato ko tsaba ɗaya ta gero ta fi shi girma. Ƙananansu ruwan ɗorawa ne, manyan kuma sun ɗan yi duhu, suna da fiffike.

Ɓarnarsa ake fara gani kafin a gan shi. Yakan kankare fatar lawashi ya tsotse ruwan, sai wurin ya yi fari-fari yana ƙyalli, da ɗigo-ɗigo baƙi, wanda kashinsa ne. In abin ya yi yawa sai bakin ganye ya bushe ya lanƙwashe, albasa ta ƙi yin kai. Manomi ya ga haka sai ya ce ƙishirwa ce ko rashin taki, ya ƙara zuba kuɗi inda ba nan ciwon yake ba. Ga yadda za ka tabbatar: da sassafe ka durƙusa, ka buɗe tsakanin sababbin ganye can wajen wuyan albasar, nan suke ɓuya. Ko ka shimfiɗa farar takarda ka kaɗa lawashin a kanta, za ka ga ƴan abubuwa suna rarrafe. Ka duba fangali da yawa, musamman na gefen lambu, domin daga gefe suke shigowa. Sau biyu a mako bai yi yawa ba.

Sanin halin ƙwaron nan shi ne rabin aikin. Macen ba ta bukatar namiji kafin ta hayayyafa. Tana cusa ƙwanta cikin naman ganye inda feshi ba ya kaiwa, ƴaƴan kuma in sun ƙoshi sai su sauka cikin ƙasa su rikiɗe. Lokacin zafi, cikin mako 2 zuwa 3 ƙwai ya zama uwa. Shi ya sa mutum zai yi feshi yau, bayan ƴan kwanaki ya tarar da sababbi, ya ce maganin jabu ne. Zafi da bushewar iska suke so, saboda haka suka fi tsanani daga ƙarshen hunturu zuwa bazara, wajen Fabrairu da Maris. Raunin da suke yi wa ganye kuma ƙofa ce ga cutar da ke sa lawashi tabo mai ruwan shuni.

Wanda ya yi dashe da wuri, albasarsa ta yi kai kafin zafi ya sauka, ya tsere wa mafi yawan ɓarnar. Kada a kafa komin iri kusa da tsohuwar albasa, kada kuma a dasa irin da ba a duba ba. A cire ciyawa a bakin rafi, a kwashe ragowar lawashi bayan cira, a riƙa hutar da wuri da wata shuka. Albasar da ke shan ƙishirwa ita suka fi kayarwa, ruwan da aka yayyafa bisa ganye kuwa yana wanke da yawa daga cikinsu. Akwai kuma tsutsa mai huda lawashi ta shige ciki, wannan a tsinke ganyen a murƙushe ta da hannu tun tana kaɗan.

In ƙwaro ya fara yawa, ga dogon yaro nan a ƙofar kowa. A daka busassun ƴaƴansa kimanin giram 50 ga kowace lita ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle, a narka ɗan sabulu a ciki don ya kama ganye. A fesa da maraice, a saita bakin famfo cikin wuyan albasar, a maimaita bayan mako guda. Ba ya kashewa nan take, hana su ci da girma yake yi, don haka sai da haƙuri. Alherinsa shi ne bai cika kashe gizo-gizo da sauran ƙananan halittun da ke cinye ƙwaron ba.

Yanzu ga maganar da ta fi komai nauyi. Yankinmu na Alibori ƙasar auduga ce, maganin feshin auduga daga wajen Kandi da Banikwara ba ya wuyar samu, ga kuma kwalabe marasa takarda da ake kasawa a kasuwa. Wasu suna ɗauka su fesa wa albasa don sun ga yana da ƙarfi. Wannan ganganci ne. Auduga ba a cin ta, albasa kuwa ɗanya ake yankawa a kan tsire, lawashinta kuma mata ke dakawa su shanya su yi gabu, ya shiga tukunyar miyar ƴaƴanka. Wani maganin auduga mai suna endosulfan ya hallaka mutane da dama a arewacin ƙasar nan, har gwamnatin Benin ta hana shi a 2008, ƙasashen duniya suka bi baya a 2011. Ban da wannan, yawan fesa magani iri ɗaya yana sa ƙwaron ya saba da shi.

Idan dogon yaro ya kasa, ka ɗauki ganyen da ya kamu ka kai wa malamin gona. Ofishin hukumar aikin gona ta ATDA mai kula da kwarin Kwara a nan Malanbil yake. Malamin gona zai gaya maka maganin da aka yarda a sa wa kayan lambu, da awonsa, da kwanakin da za ka jira kafin cira. Ranar feshi ka rufe hanci da hannuwa, ka ba iska baya, kada ka wanke famfo a kogi, kwalbar da ta ƙare kuma ka huda ta don kada wani ya zuba mai ko ruwan sha a ciki. Wanda ya iya karatu, don Allah ya karanta wa maƙwabcinsa na lambu wannan takarda.