Amsoshin Tambayoyinku: Ɗan Jimeta Mai Waƙa da Hausa Ya Yar da Gida Ne?

TAMBAYA: Ni matashi ne haifaffen Jimeta. Mahaifina Bafulatanin Yola ne, mahaifiyata kuwa Bata ce daga wajen Demsa. Ina rubuta waƙoƙi, wasu har nakan rera su a situdiyo, duka da Hausa, don ita ta fi zama a bakina. Baffana ya ce na zama Kaɗo, na yar da pulaaku. Da na tura wa wasu abokaina na Kano waƙa ɗaya kuma sai suka yi ta dariya, wai Hausar Yola ce. Malam, abin da nake yi al'adar wa ce? Ko dai in haƙura?

Daga wani mai karatu, Jimeta.

AMSA: Ƙanena, lallai ka shiga gaba kura baya sayaki. Kada ka haƙura, amma kada ka yi gaggawar cewa Baffa rigima kawai yake ji.

Mu fara da sunan da kake kiransa. Baffa, kawu, goggo, duk daga Fulfulde Hausa ta aro su, haka ma kindirmo da burtali. Abokanka na Kano suna faɗarsu kullum, ba wanda ya taɓa ce musu sun yar da Hausa. Shi ma Baffa, in ka kasa kunne ga Fulfuldensa na Yola, za ka ji "sannu" da wasu kalmomin kasuwa da suka shigo daga Hausa.

Garin da yake kishi ma da haɗin gambiza aka gina shi. Modibbo Adama a Barno ya yi karatu, a hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya karɓo tuta, sannan ya kafa Yola a 1841 a ƙasar da Bata da Verre suka riga kowa zama. Dubi sarautun fadar Fombina, wato masarautar da Adama ya kafa: Arɗo da Jauro na Fulani ne, Kaigama da Yerima daga Barno suka zo, ga Turaki da sauran sarautu irin na ƙasar Hausa. Kakaki da algaitar da ake busa wa Lamiɗo ran hawan salla ba daga ruga aka zo da su ba. Malamai kuma daga yamma suka yi ta kwararowa, irin su Modibbo Raji da ya taso daga Gwandu. Jimeta taku kuwa tashar jiragen ruwa ce a bakin Binuwai, inda kamfanin Turawa da fatake da ma'aikata daga ko'ina suka haɗu, kuma Hausa ce ta zama harshen cinikinsu. Wanda aka haifa a irin wannan gari ya tashi da Hausa a baki, ina laifinsa?

Wanda ya kamata ka kafa wa Baffa hujja da shi, cikin ladabi, shi ne gidan Shehu kansa. Shehu ya yi waƙoƙi da yawa da Fulfulde. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da harsuna uku take rubutu: Larabci, Fulfulde da Hausa. "Tabbat Haƙiƙa" da Hausawa ke ɗauka tasu ce ta gado, Shehu da Fulfulde ya tsara ta, Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗan'uwanta Isa ya yi mata tahamisi. Sun duba wanda suke so ya ji, suka yi masa magana da harshensa. Sai dai lura da kyau: Asma'u ba ta ajiye Fulfulde don ta ɗauki Hausa ba. Duka ta riƙe. A nan ne maganar Baffa take da ƙashi.

Abin da yake tsoro gaskiya ne. Shiga gidajen Fulani da dama a Jimeta yau, za ka tarar kaka na yi wa jika Fulfulde, jika na amsawa da Hausa. Irin wannan yaro yana ji amma ba ya mayarwa, ɗansa kuwa ko jin ma ba lallai ya yi ba. Harshe kuma in aka daina yin sabuwar waƙa da shi, aka daina barkwanci da zambo da shi, sai ya koma na gaisuwa kawai, daga "jam na" sai "useko". Alhali Yola ce ta zama mazaunin nazarin wannan harshe tun farkon zuwan boko. F. W. Taylor, jami'in ilimi na zamanin Turawa, ya fitar da nahawun Fulfulden Adamawa a 1921, da ƙamus a 1932. Rupert East, wanda ya shirya gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, shi ne kuma ya tattara labaran tarihin Adamawa da Fulfulde a littafin Stories of Old Adamawa. Hausa ta samu Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ta samu maɗaba'a a Zariya, daga baya ta samu Kannywood. Fulfulde bai samu ko rabin wannan gata ba a Najeriya, duk da taron Bamako na 1966 da ya daidaita masa haruffan boko.

Tsallaka iyaka ka ga bambanci. Bayan Ingilishi sun ci Yola a 1901, mafi yawan ƙasar Fombina a hannun Jamus ta faɗa, ita ce arewacin Kamaru a yau. A Garwa da Marwa da Ngaundere, Fulfulde ne harshen kasuwa, kamar yadda Hausa take a Jimeta. Shi ya sa mawaƙan Garwa irin su marigayi Ali Baba da Isnebo na ƙungiyar Faadah Kawtal suka ɗora Fulfulde a kan jita da kayan kiɗan zamani, kuma ya zauna daram. Kayan kiɗan baƙo bai kashe musu harshe ba.

Wani abu ya ɗan dame ni a wasiƙarka. Ka kawo ƙorafin dangin uba, ba ka ce komai ba game da dangin uwa. In Fulfulde mai miliyoyin masu magana daga Senegal har Sudan yana kuka, me harshen Bata zai ce? Mutanen mahaifiyarka, Bwatiye, su ne masu bikin kamun kifi na tafkin Njuwa nan gefen Yola, su ne masu bikin Vunon a Farai, da kiɗansu da waƙoƙinsu da labarin Nzeanzo. Wannan ma gadonka ne, kuma ya fi ɗayan fuskantar haɗari.

Dariyar mutanen Kano kuwa kada ta hana ka barci. In a wajen "ya" da "ta" suka kama ka, kana mayar da mace namiji, gyara, don a rubutu kuskure ne. Amma karin harshenka da kalmominku, Hamma da Adda da sauransu, bar su yadda suke. Narambaɗa bai sauya Hausarsa ta Zamfara don Kanawa su ji daɗi ba, kuma har gobe su ne masu sauraronsa. Abin da zai rage maka daraja shi ne ka zama kwafin mawaƙan fim na Kano, da amonsu da soyayyarsu, har a rasa gane daga inda ka fito. Masu yin wannan sun yi yawa. Mai waƙar gadar Jimeta, da masuntan Binuwai, da zafin Yola na watan Afrilu, shi ake nema.

Ga shawarata. Ci gaba da Hausarka. A waƙarka ta gaba ka tsara baiti biyu da Fulfulde, ko da a karkace ne, ka kai wa Baffa ka durƙusa ka ce ya gyara maka. Zai yi faɗa, zai ce ka ɓata nahawu, amma ina kyautata zaton zai karɓi takardar. Amshin kuma ka nema a bakin Inna, da harshen Bata. In ka kammala, aiko mana mu ji.