Darasin Fiƙihu: Mene Ne Faskhu, Kuma Ina Ya Bambanta Da Saki?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwana matasa, mu a nan zango duk sa'ad da miji da mata suka rabu magana ɗaya muke yi, wato auren ya mutu. Alhali kuwa a fiƙihu mutuwar aure iri-iri ce, kowace da hukuncinta. Darasinmu na wannan fitowa a kan biyu daga ciki ne, saki da faskhu, bisa mazhabar Imamu Malik wadda akasarin iyayenmu da malamanmu suke kanta.

A Larabce ɗalaƙ asalinsa kwance dabaibayi ne, kamar yadda ake sakin raƙuma ta tafi kiwo. Faskhu kuwa warwarewa ce, kalmar da ake amfani da ita idan an rushe ciniki, kowa ya karɓi abinsa. Saki yana aukuwa ne a kan aure lafiyayye, miji ne yake furta shi, kuma yana cin ɗaya daga igiya uku da aka ambata a Suratul Baƙara, aya ta 229 da 230. Idan na farko ne ko na biyu, kuma sun riga sun sadu, miji yana da ikon yin kome kafin idda ta cika. Shi kuwa faskhu yana zuwa ne idan aka gano ɗaurin auren kansa gurɓatacce ne, sai shari'a ta rushe shi, ko ma'auratan suna so ko ba sa so, ko da kuwa ba su taɓa saɓawa da juna ba.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne shan nono. A gidajenmu na haya, inda iyalai da yawa suke tsakar gida ɗaya, uwa takan tafi kasuwa ta bar jariri wurin maƙwabciya, yaro ya yi kuka a ba shi mama, ba wanda ya riƙe a ransa. Shekara ashirin ta wuce, wannan ya girma a Nima, waccan a Aboabo ta Kumasi, sai su haɗu su yi aure. A wurin Malikiyya ko sau ɗaya nonon ya isa cikin yaro a shekarun shayarwa, ya zama ɗan'uwan 'ya'yan matar (Shafi'iyya su suka ce sai sau 5). Buhari ya ruwaito cewa sahabi Uƙba ɗan Haris ya yi aure a Makka, sai wata mata ta zo ta ce ta shayar da shi da amaryarsa. Ya hau ya tafi har Madina ya tambayi Manzon Allah (SAW), ya dawo ya rabu da ita, ta auri wani. Malamanmu dai sun ce maganar mace ɗaya ba ta tilasta rushe aure, sai dai an so mutum ya nisanci shubuha. Amma idan shaida ta cika, babu sauran zama.

Haka nan auren mace ta biyar, da haɗa ya da ƙanwa, da auren mace tana cikin idda. Wannan na ƙarshe ku lura da shi sosai, domin gaggawa tana jefa mutane a ciki. Ya zo a Muwaɗɗa cewa Ɗulaiha Ba'asadiya ta yi aure cikin iddarta, Sayyidina Umar ya hore su ya raba su. A kan hukuncinsa Malikiyya suka ce idan ba a sadu ba, a rushe auren, ta cika iddarta, shi kuma ya shiga sahun manema kamar kowa. Idan kuwa ya sadu da ita cikin iddar, ta haramta gare shi har abada.

To, ina amfanin sanin bambancin, tun da duk rabuwa ce? Amfaninsa yana cikin abin da yake biyo baya. Irin wannan faskhu ba ya cin igiya. Wanda aka raba shi da mace ta biyar, idan daga baya ɗaya cikin huɗun ta rasu ya ɗaura sabon aure da ita, igiyarsa uku ce cur. Sa'an nan babu kome a faskhu, domin ba a komawa cikin abin da bai inganta ba. Ga kuma sadaki. Wanda ya saki mace kafin saduwa yana biyan rabin abin da aka yanka, kamar yadda aya ta 237 ta nuna: in sidi 2,000 ne, 1,000 nata ne. A faskhu kafin saduwa ba ta da kome, ban da wasu 'yan mas'aloli. Bayan saduwa kuwa sadakinta ya tabbata, kuma za ta jira tsarki uku kafin ta yi wani aure. Gado ma haka: matar da aka yi wa sakin kome tana gadon mijinta in ya mutu tana idda, amma auren da malamai suka haɗu a kan ɓacinsa ba a gado da shi, ko da mutuwar ta riga rushewar.

'Ya'ya fa? Idan an yi auren bisa rashin sani, 'ya'yan na ubansu ne, suna amsa sunansa, suna gadonsa. Kada wani ya buɗe baki ya sheganta su, wannan babban zunubi ne.

Akwai wani wuri da ɗalibai suke yawan ruɗewa. Malikiyya sun kasa gurɓataccen aure gida biyu. Wanda dukan malamai suka yarda ya ɓaci, irin misalan da muka kawo, ana rushe shi ba tare da saki ba. Wanda kuwa aka yi saɓani a kansa, kamar mace ta ɗaura wa kanta aure ba waliyyi (Hanafiyya sun halatta), ko auren musaya da ake ce wa shigar, ko auren mai harama da hajji, ana rushe shi amma a lissafta shi saki ɗaya wanda ba kome a cikinsa. In sun gyara sun sake ɗaurawa, saura igiya biyu. A ganina wannan ladabi ne mai kyau ga maganar wasu malamai, wanda mu matasa muke bukatar koya. Haka ma rabuwa saboda aibi kamar hauka ko kuturta, da kuma hul'i inda mace take mayar da sadaki: Malikiyya sun ƙirga su saki, alhali Shafi'iyya da Hambaliyya suna kiran rabuwar aibi faskhu. Wanda ya ga haka a littafin da ya zo da shi daga Madina kada ya ce limamin unguwa ya ɓace.

Saura tambaya, wa yake rushe auren? A littafi aikin alƙali ne, mu kuwa a Gana ba mu da kotun shari'ar Musulunci. Malikiyya sun ce inda babu alƙali, jama'ar Musulmi masu adalci suna tsayawa a matsayinsa. Saboda haka a kai magana gaban limami da malamai da sarkin zango, su ji shaidu, su yanke, a rubuta a takarda irin rabuwar da aka yi da ranar da aka yi ta, domin lissafin igiya da idda. Ƙanin amarya ko abokan ango ba su da wannan iko. Wanda kuma ya yi rajistar aurensa ƙarƙashin dokar auren Musulmi ta 1907, ya tuna hukuma tana ɗaukarsa mai aure har sai an daidaita takardun rabuwar a can ma.

A fitowa ta gaba, in Allah ya yarda, za mu ɗauki idda da yadda ake ƙirga ta.